BABI NA HUƊU: YOYON ISKA TA BAKI GA MAI JINYAR ƊAUKEWAR NUMFASHI CIKIN BARCI A ƘASAR GWARZO DA KABO

4.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan yadda Bahaushe ya ɗauki barci da matsalolin da ke tattare da shi, kamar dannau da magagi da minshari, da kuma irin tanadin da ya yi musu a gargajiyance. A wannan babi kuwa za a duba maganin asibiti na ɗaya daga cikin waɗannan matsaloli, wato ɗaukewar numfashi cikin barci, musamman wata tangarɗa da kan sa mai jinya ya jingine maganin tun bai ga amfaninsa ba. Wannan tangarɗa ita ce yoyon iska ta baki a lokacin da majiyyaci ke kwance da na'urar da ke tura masa iska ta hanci. Za a kawo ma'anar ciwon da yadda na'urar take aiki, sannan a bi dalilan yoyon da alamominsa da hanyoyin magance shi, tare da la'akari da yanayin ƙasa da al'adun mutanen Gwarzo da Kabo.

4.1 Muhallin Nazari

Gwarzo da Kabo ƙananan hukumomi ne da ke maƙwabtaka da juna a yammacin Jihar Kano. Titin da ya tashi daga birnin Kano ya bi ta Rimin Gado da ƙasar Kabo ya isa garin Gwarzo, tafiyar kimanin kilomita 70, daga nan ya zarce zuwa Dayi a Jihar Katsina. Ƙidayar jama'a ta shekarar 2006 ta nuna Gwarzo tana da mutane fiye da 180,000, Kabo kuma fiye da 150,000. Mafi yawan mutanen manoma ne da makiyaya da 'yan kasuwa da masu sana'o'in gargajiya, akwai kuma direbobi da ke zirga-zirga a kan wannan titi dare da rana.

Abubuwa uku na wannan muhalli sun shafi batun da ake magana a kai. Na farko shi ne hunturu, wanda kan kama daga wajen Nuwamba zuwa Fabrairu da busasshiyar iska mai ƙura. Na biyu shi ne rashin tsayuwar wutar lantarki. Na uku kuma shi ne nisa da ƙwararrun likitoci, domin wanda aka ga alamun wannan ciwo gare shi a Babban Asibitin Gwarzo ko a wata cibiyar lafiya ta Getso ko Garo, sai an tura shi manyan asibitocin birni, irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da aka kafa a 1988, ko Asibitin Murtala, inda ake samun likitocin ƙirji da na kunne da hanci da maƙogwaro. Ke nan duk wata 'yar matsala da ta taso wa majiyyaci da tsakar dare, shi da iyalinsa ne za su fara fuskantarta.

4.2 Minshari da Ɗaukewar Numfashi

Minshari ƙara ce da ke fita daga maƙogwaron mai barci sakamakon karkarwar tattausan naman da ke bayan baki, wato hanɗa da beli da gindin harshe, yayin da iska ke kutsawa ta matsattsiyar hanya. Bahaushe bai lissafa minshari cikin cututtuka ba. Yakan danganta shi da gajiya ko ƙoshi ko ƙiba, wani lokaci ma ya zama abin tsokana tsakanin abokan wasa. Haka kuma kunya takan hana yaro ko mata su gaya wa babba cewa yana minshari, shi kuwa mai yin ba ya jin kansa, shi ya sa ba kasafai yake yarda ba.

Sai dai akwai minsharin da ya wuce na gajiya. Idan barci ya yi nauyi tsokokin maƙogwaro sukan saki, ga wasu mutane har hanyar iska ta rufe gaba ɗaya. Sai a ji mai minshari ya yi tsit, ƙirjinsa yana ƙoƙarin jan iska amma ba ta shiga, iskar oksijin ta ragu a jini, ƙwaƙwalwa ta zaburar da shi, ya yi wani irin gurnani ya ci gaba da numfashi, galibi ba tare da ya san ya farka ba. Likitoci suna ƙirga tsayawar da ta kai daƙiƙa 10 ko fiye. Idan tsayawar numfashi ko raguwarsa ta auku sau 5 zuwa 14 a awa ɗaya, ciwon mai sauƙi ne. Daga 15 zuwa 29 matsakaici ne, daga 30 zuwa sama kuwa ya tsananta. An fi samunsa ga maza magidanta da masu ƙiba da masu kaurin wuya, da mata bayan sun daina al'ada.

Illar wannan ciwo ba ta tsaya ga dare ba. Mai shi yakan tashi da ciwon kai da kasala, ya yini yana gyangyaɗi a majalisa ko a masallaci ko a bayan sitiyari. Hausawa na cewa barci ɓarawo ne, to ga direban da ya ɗauko fasinja daga Gwarzo zuwa Kano, satar daƙiƙa biyu ta isa ta jawo asarar rayuka. Bugu da ƙari, ciwon yana da alaƙa da hawan jini mai wuyar sauka da ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki da ciwon suga. Wani ƙiyasi da aka buga a mujallar Lancet ta cututtukan numfashi a 2019 ya nuna cewa kimanin mutum miliyan 936 'yan shekara 30 zuwa 69 ne ke ɗauke da shi a duniya, kuma Nijeriya tana cikin ƙasashe goma da suka fi yawan masu shi.

4.3 Na'urar Tura Iska

Babban maganin da asibiti ya dogara da shi wata 'yar na'ura ce da ma'aikatan lafiya ke kira sipap. Wani likita mai suna Colin Sullivan ne ya fara gwada ta a birnin Sidni na ƙasar Ostireliya a 1980, aka buga sakamakon a 1981. Na'urar ta ƙunshi injin da ke zuƙar iskar ɗaki ta cikin mataci, da tiyo, da takunkumin da ake ɗaurawa a fuska, sau da yawa kuma da wani ɗan mazubin ruwa mai ɗumama iskar. Ba iskar oksijin take bayarwa ba kamar yadda wasu ke zato. Aikinta shi ne ta riƙa tura iska da wani ƙarfi da likita ya ƙayyade, wanda zai tokare bangon maƙogwaro ya hana shi rufewa. Ana auna wannan ƙarfi da santimitar ruwa, kuma galibin na'urorin suna aiki ne tsakanin 4 zuwa 20.

Takunkumin iri uku ne. Akwai mai rufe hanci kaɗai, akwai mai 'yan kawuna biyu da ke zama a bakin ƙofofin hanci, akwai kuma mai rufe hanci da baki gaba ɗaya. Na farko da na biyu sun fi sauƙin ɗauka, shi ya sa aka fi farawa da su, amma a kansu ne matsalar yoyo ta baki take tasowa. Na'urar ba ta warkar da ciwon, tana danne shi ne muddin ana amfani da ita. Mafi ƙarancin abin da likitoci ke ɗauka a matsayin bin magani shi ne awa 4 a dare, a cikin kashi 70 cikin 100 na darare.

4.4 Ma'anar Yoyo da Yadda Yake Aukuwa

Fitar iska daga na'urar iri uku ce, kuma wajibi ne a bambance su. Ta farko ita ce wadda ke fita ta wasu ƙananan huji da aka yi wa takunkumin da gangan, domin iskar da mutum ya fitar ta fice kada ya sake shaƙarta. Wannan ba yoyo ba ne, toshe hujin da tsumma ko filasta kuwa haɗari ne. Ta biyu ita ce wadda ke silalewa ta gefen takunkumi idan bai zauna daidai ba, takan hura cikin ido ta busar da shi. Ta uku ita ce iskar da ta shiga ta hanci, maimakon ta tsaya ta tokare maƙogwaro sai ta juyo ta fice ta baki. Ita ce abin nazari a wannan babi.

Ilimin furuci zai taimaka wajen fahimtar yadda hakan ke faruwa. An sani cewa zirin iskar huhu yana da mafita biyu, kogon baki da kogon hanci, kuma hanɗa ce ke raba su. Wajen furta baƙaƙen baki, hanɗa takan ɗaga ta rufe hanyar hanci. Wajen furta 'yan hanci kuwa takan sauko iska ta bi ta hanci. Idan mutum ya furta kalmar "can" ko "nan" ya ja ƙarshenta, zai ji doron harshensa ya manne da hanɗa, iska tana fita ta hanci kaɗai, ko da kuwa leɓɓansa a buɗe suke. Wannan mannewa ita ce ƙofar ciki da ke tsare iskar na'urar, leɓɓa kuma su ne ƙofar waje. Irin wannan ƙofa ce mai busa algaita yake rufewa a ƙofar hakimi, inda yakan tara iska a kumatu yana matsa ta cikin algaita, a lokaci guda yana shaƙar wata ta hanci, busa ba ta yanke ba.

Mutum a farke yana riƙe da waɗannan ƙofofi ba tare da ya sani ba. Da zarar barci ya yi nauyi, musamman a matakin mafarki da ya fi yawa a goshin asuba, sai muƙamuƙi ya saki, haɓa ta sauka, harshe ya rabu da hanɗa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Iskar takan fara cika kumatu, ta riƙa fita kaɗan-kaɗan ta tsakanin leɓɓa, daga baya ta zama huci mai ɗorewa.

Ana iya kwatanta sakamakon da zuga-zugin maƙeri da ya huje. Maƙeri yana ta zuga, amma iskar da ke isa ga gawayi ba ta kai ta ja ƙarfe ba. Haka na'urar za ta kwana tana aiki, amma ƙarfin da ke isa maƙogwaro ya gaza, minshari da ɗaukewar numfashi su dawo. Na'urori masu daidaita ƙarfin iska da kansu ma sukan rikice idan yoyo ya yi yawa, domin ba sa iya karanta numfashin mutum daidai.

Akwai kuma wata illa da ta fi wannan ɓoyuwa. A numfashin yau da kullum, iskar da ke fitowa daga huhu takan mayar wa hanci da ɗumi da laimar da ya bayar lokacin shaƙa. Idan kuwa iska tana shiga ta hanci tana fita ta baki, hanci yana bayarwa ne ba a mayar masa. Sai fatar cikinsa ta bushe ta kumbura, hanci ya toshe, toshewar ta tilasta wa mutum ƙara buɗe baki, yoyo ya ƙaru. Binciken da aka gudanar a tsakiyar shekarun 1990 ya tabbatar da wannan zagaye, ya kuma nuna cewa ɗumama iskar da tururin ruwa yana karya shi.

4.5 Dalilan da ke Haddasa Yoyo

Babban dalili shi ne toshewar hanci, kuma a ƙasar Gwarzo da Kabo abubuwan da ke toshe hanci suna da yawa. Akwai ƙurar hunturu da murar da ke zuwa da ita, da ƙaiƙayin sussuka da shiƙa a lokacin kaka, da hayaƙin itacen girki. Akwai kaskon garwashi da ake shiga da shi ɗaki saboda sanyi, da turaren wuta, da maganin sauro na kunnawa. Shan taba da shaƙar ta suna cikin wannan sahu. Wasu kuma toshewar tasu ta halitta ce, kamar karkacewar guringuntsin da ya raba ƙofofin hanci ko tsiron nama a ciki.

Dalili na biyu shi ne sabo. Wanda ya shekara goma ko fiye yana kwana baki buɗe saboda neman iska, jikinsa ba ya barin wannan ɗabi'a a dare ɗaya. Na uku shi ne yanayin kwanciya, domin rigingine yana sa haɓa ta faɗi baya. Na huɗu shi ne rashin haƙora, saboda dattijon da ya zubar da su bakinsa ba ya haɗuwa sosai. Na biyar shi ne ƙarfin iskar da ya wuce bukata, kamar a ce mutum ya ari na'urar wani ko ya sayi ta hannu ya ci gaba da amfani da saitin mai ita na farko. Na shida kuwa shi ne duk abin da ke sakar da tsoka, kamar ƙwayoyin sa barci da giya da maganin tari mai kodin, wanda gwamnatin tarayya ta hana sarrafawa da shigowa da shi a 2018.

Akwai kuma batun beli. A ƙasar Hausa wanzamai sukan cire wa jariri beli a kwanakin farko na haihuwa, wani lokaci kuma a cire wa babba idan yana fama da ciwon maƙogwaro. A asibiti ma akwai wata tiyata da likita Shiro Fujita ya gabatar a Amurka a 1981, wadda ake yanke beli da wani sashe na hanɗa domin faɗaɗa hanyar iska. An lura cewa waɗanda aka yi wa wannan tiyata sun fi saurin samun yoyo ta baki idan aka ɗora su a kan na'ura, saboda ƙofar ciki ta gajarce. Aikin wanzami bai kai wannan faɗi ba, amma duk da haka ya kamata majiyyaci ya shaida wa likita duk wani yanka da aka taɓa yi masa a maƙogwaro. Haka kuma bai dace mai minshari ya tafi wurin wanzami da nufin a cire masa beli ya huta ba, domin toshewar ba a beli kaɗai take ba, ga kuma haɗarin zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta.

4.6 Alamomin Yoyo

Alama ta farko da majiyyaci ke ji ita ce bushewar baki. Yakan farka harshe ya kafe kamar ya kwana da ƙishirwar azumi, maƙogwaro yana zafi, leɓɓa sun tsage. Idan abin ya daɗe yakan shafi haƙora da dasashi, domin yawu ne ke kare su. Sauran alamomin sun haɗa da toshewar hanci da safe, da yawan farkawa, da tashi a tarar an cire takunkumin cikin magagi, da dawowar gyangyaɗin rana bayan an ɗan samu sauƙi.

Galibin na'urorin zamani suna nuna adadin iskar da ta zube a kan ɗan allonsu, wasu kuma suna ajiye bayanin a kati domin likita ya duba. Alal misali, na'urorin kamfanin ResMed suna ɗaukar lita 24 a minti ɗaya a matsayin iyakar da yoyo bai kamata ya wuce ba. Amma allo ba ya faɗin ta ina iskar ta fita. A nan ne shaidar iyali take da muhimmanci. Matar da ke ɗaki ita ce za ta ga leɓɓa suna motsi ko ta ji huci, ta ce, "Malam, jiya ma bakinka ya kwana yana fitar da iska." A gidan da ke da mata fiye da ɗaya, inda kwana ke zagayawa, ya kamata kowace ta san wannan alama, ta kuma san cewa faɗinta ba rashin kunya ba ne. Dattijon da ke kwana shi kaɗai a turaka ko a shago, sai wani ɗa ko jika ya riƙa leƙa shi a makonnin farko.

4.7 Hanyoyin Magance Yoyo

Hanyoyin da za a kawo an jera su ne daga mai sauƙi zuwa mai tsada, domin ba hikima ba ce a sayi sabon takunkumi alhali matsalar a hanci take.

4.7.1 Buɗe Hanci

Matakin farko shi ne a tabbatar hanci yana wuce iska. Wanke shi da ruwan gishiri na kemis kafin kwanciya yana fitar da ƙura da majina. Ya kamata a fitar da kaskon wuta da turare daga ɗakin kwana, a yi amfani da gidan sauro a madadin maganin kunnawa, a ɗora na'urar a kan teburi ko kujera maimakon ƙasa, a kuma riƙa duba matacinta a kai a kai a lokacin hunturu. Maganin ɗigawa a hanci mai buɗe shi nan take ba a wuce kwana 3 zuwa 5 ana amfani da shi, in ba haka ba toshewar takan dawo fiye da da. Al'adar cusa man basilin ko mai mai yaji a hanci da hunturu ba ta dace da mai na'ura ba, domin man yana lalata robar takunkumi, iska kuma tana iya tura shi cikin huhu. Toshewar da ta ƙi jin waɗannan sai a kai ta wurin likitan hanci.

4.7.2 Ɗumama Iska da Ruwa

A wurin da iska ke bushewa kamar yammacin Kano, mazubin ruwan na'ura ba ƙawa ba ne. Ana ƙara ɗuminsa da hunturu, a rage da damina idan ruwa ya fara taruwa a tiyo. Tataccen ruwan da aka samu ta hanyar tururi shi ya fi dacewa. Ruwan rijiya ko na burtsatse yakan bar farar ƙasa a gindin mazubi, idan kuma shi kaɗai ake da shi, sai a tafasa a bar shi ya huce, a zubar da ragowar kowace safiya a wanke mazubin. Kada a karɓi ruwan batir daga garejin makanikai, saboda ana iya musanya shi da mai asid. Haka nan ba a zuba turare ko wani jiƙo a ciki.

4.7.3 Gyaran Kwanciya da Horar da Harshe

Kwanciya a gefe tana rage faɗuwar haɓa, tana kuma rage ƙarfin iskar da ake bukata. Wannan ba baƙon abu ba ne ga Musulmi, wanda ya san falalar kwanciya a ɓarin dama. Za a iya tokare baya da matashi don kada a mirgina. Da rana kuma, majiyyaci ya saba wa kansa rufe baki da ɗora tsinin harshe a hanƙa kamar zai furta "na", yana numfashi ta hanci. Sanya takunkumin na ɗan lokaci a farke, da yamma ko bayan sallar isha, yana sa jiki ya saba da shi. Horar da tsokokin maƙogwaro yana da tushe a bincike, domin a 2006 an buga wani gwaji daga ƙasar Suwizalan wanda ya nuna cewa masu matsakaicin ciwo da suka yi wata 4 suna koyon busa wani dogon bututu na mutanen asalin Ostireliya, wanda ake busawa da irin numfashin mai algaita, sun samu raguwar ciwon da gyangyaɗin rana. Wannan taimako ne, ba ya maye gurbin na'ura.

4.7.4 Maɗaurin Haɓa

Maɗaurin haɓa wani ƙyalle ne mai talewa da ke zagayowa daga ƙarƙashin haɓa zuwa tsakar kai, kusan yadda amawalin rawani ke riƙe haɓa. Aikinsa ya tallafi muƙamuƙi zuwa sama, ba ya ja shi baya ba, domin jan baya yana ƙara matse maƙogwaro. Ana ɗaure shi daidai yadda mutum zai iya buɗe baki idan ya so. Yana taimakon mutane da yawa, amma ba ya hana iskar da ke fita ta tsakanin leɓɓa alhali haƙora suna haɗe.

4.7.5 Manne Baki da Filasta

Wannan dabara ta yaɗu ta hanyar intanet, amma tana bukatar taka-tsantsan, a wannan yanki ma fiye da wasu wurare. Idan wuta ta ɗauke da tsakar dare na'ura ta tsaya, mai takunkumin hanci ta baki yake samun iska kafin ya farka. Wanda ya manne bakinsa ya rufe wa kansa wannan mafita. Haka kuma akwai haɗari ga mai toshewar hanci da mai yawan amai ko ƙwarnafi da wanda ya sha maganin barci, da yaro da tsohon da ba zai iya cire filastar da kansa ba. Saboda haka ba a yin wannan sai da iznin likita, salatif na ɗaure kaya kuwa ba shi da wuri a fuskar mai barci.

4.7.6 Sauya Takunkumi da Saiti

Idan hanyoyin da suka gabata ba su wadatar ba, sai a koma ga takunkumi mai rufe hanci da baki, wanda ke sa ƙarfin iska ya zama ɗaya a kogunan biyu. Irin wannan yana da wata 'yar ƙofa da ke buɗewa da kanta idan na'ura ta tsaya, kuma wajibi ne a tabbatar tana aiki. Nakasunsa shi ne ya fi nauyi, yakan bukaci ƙarin ƙarfin iska, kuma ba ya kama fuskar mai cikar gemu da ƙasumba sosai. Da yake magidanta da yawa suna tsayar da gemu saboda addini, ba daidai ba ne a sa mutum zaɓi tsakanin gemunsa da lafiyarsa tun ba a gwada masa takunkumin ƙofofin hanci tare da maɗaurin haɓa ba. Ƙara tamke igiya ba ya maganin yoyo, sai dai ya lanƙwasa robar ya bar gyambo a karan hanci. Rage ƙarfin iska ko kunna saitin da ke sassautawa lokacin fitar da numfashi aikin likita ne, ba na majiyyaci ko mai gyaran rediyo ba.

4.7.7 Rage Ƙiba

Wani bincike na jihar Wiskonsin ta Amurka da aka buga a shekarar 2000 ya nuna cewa raguwar nauyi da kashi 10 cikin 100 tana tafiya da raguwar tsayawar numfashi da kimanin kashi 26. Wanda ya rage nauyi yakan bukaci iska mai sauƙi, iska mai sauƙi kuma ba ta cika ɓalle leɓɓa ba. Wannan na bukatar sauya tunanin da ke ɗaukar teɓa a matsayin alamar hutu da wadata.

4.8 Wutar Lantarki da Sayen Na'ura

Duk dabarun da aka lissafa sun dogara ne ga na'urar da ke kwana tana aiki. Gidan da ke da mai wannan jinya yana bukatar batir da inbata ko sola. Abin lura a nan shi ne, mazubin ɗumama ruwa yana cin wuta fiye da injin kansa, shi ya sa wasu kan kashe shi don batir ya kai asuba, alhali shi ne garkuwar hanci da hunturu. Ya fi kyau a yi lissafinsa tun wajen sayen batir. Idan janareta za a tayar, a ajiye shi nesa da taga, domin na'urar iskar ɗaki take zuƙa, hayaƙinsa kuma yana kisa. Bayan sallar asuba ko sahur, wanda zai koma barci ya mayar da takunkuminsa, tunda barcin wannan lokaci ne ya fi sakar da tsoka.

Mai sayen na'ura ta hannu ya kai ta a duba a saita masa, ya sayi sabon takunkumi da tiyo. Ya kuma binciki samfurinta, domin a watan Yunin 2021 kamfanin Philips ya janye miliyoyin na'urorinsa saboda soson rage ƙara da ke cikinsu yana iya rududdugewa, musamman a wuri mai zafi da laima.

4.9 Kammalawa

A wannan babi an ga cewa ɗaukewar numfashi cikin barci ciwo ne da ke ɓuya a bayan minsharin da Bahaushe bai ɗauka da zafi ba, kuma na'urar tura iska ita ce babban maganinsa. An bayyana cewa yoyo ta baki yana aukuwa ne idan harshe ya rabu da hanɗa leɓɓa kuma suka buɗe, yana rage ƙarfin magani, yana busar da hanci har ya toshe shi. An nuna cewa a ƙasar Gwarzo da Kabo hunturu da hayaƙi da rashin wuta suna ƙara wa matsalar nauyi, kuma gyara yana farawa ne daga hanci da ɗumama iska da kwanciya, kafin a kai ga maɗauri ko sabon takunkumi. Majiyyacin da ya tashi da busasshen baki bai kamata ya yanke hukuncin cewa na'urar ba ta karɓe shi ba ya jefa ta ƙarƙashin gado, abin da ya dace shi ne ya koma wurin likitansa tare da na'urar da kuma wanda ke ganin barcinsa. A babi na gaba za a kwatanta wannan hanya ta asibiti da hanyoyin gargajiya da aka kawo a babi na uku.